Kafin Ka Sayi Injin Yankan Tayil Mai Ruwa



Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo a 'yan shekarun nan ya san tayil ya daina zama kayan birni. Daga Rimin Gado zuwa Garo, ka shiga Kabo, ka ƙarasa mazaɓarmu ta Masanawa, da wuya ka ga sabon masallaci ko kantin magani ko ɗakin amarya da aka bari da daɓen siminti zalla. Wanda ya sayar da masara ya samu rara, tayil zai sa. Wanda ya dawo daga ci-rani da ɗan abin hannunsa, shi ma haka. Aiki ya yi yawa, masu hannun kirki ba su kai yawan aikin ba. Shi ya sa da dama daga cikinmu suke kama wannan sana'a lokacin hutu ko lokacin SIWES, kuma da ita wasu suke biyan kuɗin rajista. Ni ma da ita nake biyan nawa.

To, duk mai wannan sana'a akwai ranar da giranda za ta gaza masa. Ranar da mai gida ya kawo fosilin mai santsi kamar madubi, ko aka ce ya yi matakalar bene da giranit, ranar zai fara tambayar injin yanka mai ruwa. Kuɗinsa ba wasa ba ne, farashin kuma yana bin dala. Ga ɗalibi, jarin shekara ne ko fiye. Shawarata ita ce kada ka fara zaɓe daga shago. Ka fara daga wurin aiki: wane tayil kake yankawa, wace wuta kake da ita, wane ruwa kake samu. Idan ka amsa waɗannan ukun, rabin injinan da ke Ƙofar Ruwa da Sabon Gari sun fita daga lissafinka tun kafin ka hau mota.

Me ruwan yake yi?

Mu fara da faifan. Zarton kafinta haƙora gare shi, yagar katako yake yi. Faifan tayil kuwa gurza yake yi, kamar yadda dutsen niƙa yake cin hatsi. A bakinsa an cakuɗa ƙananan ƙwayoyin daimon na masana'anta da garin ƙarfe, aka gasa su suka haɗe. Ƙwayoyin ne suke kankare dutsen, ƙarfen kuma riƙe su kawai yake yi. Waɗanda suka yi darasin kayan gini za su tuna ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushen nan Friedrich Mohs ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Sinadarin da ya yi mabul yana kan 3. Kwaz, wato farin dutsen nan mai ƙyalli da ke cikin giranit da yashi, yana kan 7. Daimon shi ne 10. Kun ga dalilin da ya sa faifan da ya yanka mabul kamar sabulu yake nishi a kan giranit.

Gurza tana haifar da zafi, zafin kuma yana taruwa a siririn baki guda. Idan babu abin da zai ɗauke shi, ƙarfen da ke riƙe da daimon ɗin yakan yi laushi ya shafe kan ƙwayoyin, faifan ya karkace, bakin tayil ya yi ta ɓantarewa. Ruwa yana sanyaya faifai, yana wanke garin da ke cikin tsagar, sannan yana kama ƙura kafin ta tashi. Na ukun nan shi ne wanda masu sayarwa ba sa faɗa, kuma a wurina ya fi sauran biyun nauyi.

Ƙurar da ke tashi idan ana yankan fosilin ko giranit a bushe garin silika ce. Wadda kake gani tana sauka a gashin ido da hula, da sauƙi, hanci da maƙogwaro suna tare yawancinta. Mai kisan ita ce wadda ido ba ya gani, wadda ƙanƙantarta ta sa take wucewa har can ƙarshen huhu. Idan ta shiga ba ta narkewa, ba ta fita. Jiki yakan yi ta yaƙi da ita har wurin ya zama tabo, huhu ya taurare, mutum ya kasa hawa bene ɗaya ba tare da ya tsaya ya huta ba. Sunan cutar silikosis, kuma tabon da ta yi ba ya gogewa. Tana buɗe wa tarin fuka ƙofa, wanda dama muna fama da shi a ƙasar nan. Tun 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan ƙura cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. A Amurka, dokar da aka fitar a 2016 ta ce kada ƙurar ta wuce maikirogiram 50 a kowace mita kubik ta iska a tsawon aikin awa takwas. Ostireliya kuwa, bayan ta ga matasa masu yankan dutsen kantar kicin suna kamuwa tun suna da ƙuruciyarsu, haramta wannan dutsen haɗi ta yi gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2024.

Ba sai mun je nesa ba ma. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinare a bushe a cikin gidaje. Can gubar dalma ce, ba silika ba, amma ta ƙura ta shiga, kuma cikin gyaran da aka kawo har da niƙa da ruwa. Mu kuma fa? Muna yanka a cikin ɗaki, taga a rufe saboda iskar hunturu, yaron da ke miƙo mana tayil yana tsaye a kanmu, yaran gida sun zagaye suna kallo. Wani ya ɗaura hankici a hanci, a tashi aiki a sha madarar gwangwani wai tana wanke ƙirji. Malam, madara ciki take tafiya, ƙura huhu ta tafi, ba su ma haɗu a hanya ba.

Wane iri?

Kafin in shiga injinan, bari in faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Idan aikinka duk siramik ne na ɗaki da banɗaki, 25 da 40 ko 40 da 40, ba inji mai ruwa kake buƙata da farko ba. Abin yankan hannu mai kyau kake buƙata, wanda ake jan layi a danna tayil ya rabe. Wasu 'yan uwa biyu ne a ƙasar Sifen suka fito da shi a 1951, kamfaninsu ne ake kira Rubi har yau. Ba ya shan fetur, ba ya tada ƙura, a miƙaƙƙen yanka kuma ya fi kowane inji sauri. Inda yake gazawa shi ne siririn yanka, da yankan kusurwa irin na gefen ƙofa ko ginshiƙi, da yankan gicciye na digiri 45 da ake haɗa baki da baki, da kuma duk wani dutse mai kauri. Nan ne aikin mai ruwa yake farawa.

Mafi araha shi ne ɗan ƙaramin teburi wanda faifan yake leƙowa daga ƙasa, gindinsa a cikin ruwa, kai kake tura tayil da hannu. Na gyaran banɗakin gida ne. Ka ɗora masa 60 da 60, rabin tayil ɗin a iska yake, hannunka ne zai zama ma'auni, hannu kuwa yana gajiya. Ban ba wanda zai ci abinci da sana'ar shawarar sa ba.

Akwai na hannu mai kama da ƙaramin zarton lantarki, wanda masu mabul suke riƙewa, faifansa milimita 110, ana jona masa siririn tiyo. Makita da Bosch suna yin sa, haka Ingco da Total da suka cika kasuwa. Yana yankan kauri har wajen santimita uku, yana shiga jakar baya, ana zuwa da shi kan dutsen da ya fi ƙarfin ɗauka. Amfaninsa babba ne, sai dai miƙewar yankansa ta dogara da katakon da ka ɗaure a matsayin jagora. Abin takaici, yawancin masu shi sun cire tiyon sun jefar tun ranar farko.

Manyan biyun su ne ainihin na sana'a. Ɗaya injin yana tsaye a sama, teburin ne yake tafiya da tayil a kan dogo, irin DeWalt D24000 mai faifan inci 10. Ɗayan kuma tayil yana kwance ba ya motsi, injin ne yake tafiya a kan doguwar gada, irin waɗanda Rubi da kamfanonin Italiya kamar Raimondi suke yi. Mai teburi ya fi dacewa da ƙanana da matsakaitan tayil da yankan kusurwoyi. Mai gada shi ne na manyan falle da matakala. Ni a ganina, yadda kasuwa take tafiya zuwa manyan tayil, mai gada ya fi makoma, in dai kana da hanyar ɗaukarsa. Wannan sharaɗin kada ka raina shi. Injin da ya kai tsawon mita ɗaya da rabi ba ya hawa bayan babur, kuma hanyoyin cikin ƙauyukanmu da damina kowa ya san halinsu. Kuɗin A Daidaita Sahu ko kurkura zuwa da dawowa yana cikin farashin injin, ko da ba a rubuta shi a rasit ba.

Sai tsawon yanka, inda mutane da yawa suke faɗawa rami. A jikin kwali za ka ga an rubuta santimita 60 ko 62, ka ce ai ya yi wa 60 da 60. Ya yi, in dai a miƙe za ka yanka. Ranar da mai gida ya ce yana son shimfiɗar dara, wato a karkace, sai Pythagoras ya fito daga aji ya same ka a wurin aiki. Daga kusurwa zuwa kusurwa, tayil 60 da 60 santimita 85 ne saura kaɗan. Na 40 da 40 kusan 57 ne. Idan kuma 60 da 120 ne, wanda yanzu ya fara shigowa manyan gidaje, kana buƙatar gadar da ta wuce 120. Haka kauri. Tayil na ƙasa yawanci milimita 8 zuwa 10 ne, giranit na matakala ko kanta 20 zuwa 30. Amma idan ka kwantar da faifai zuwa digiri 45, hanyar da zai bi a cikin dutse mai kauri 20 ta zama 28, mai kauri 30 ta zama 42. Don haka lambar da za ka nema a takardar inji ita ce zurfin yanka a 45, ba a 90 kaɗai ba.

Ga wani ɗan lissafi don masu cewa tsabtar yanka ado ce kawai. Ɗauki ɗaki mita 3.5 da mita 4, tayil 60 da 60, mu ajiye zancen tazarar da ake bari tsakani. Cikakku 30 za su shiga, 12 sai an yanka, jimla 42. Katan yana ɗaukar huɗu, katan 11 ke nan, rarar biyu kacal. Giranda ta ɓantare maka uku, sai an koma Kano neman katan ɗaya, kuma ba lalle a samu launin da ya yi daidai ba, don gashin masana'anta yakan bambanta daga wannan zubi zuwa wancan. Yanzu duba ragowar. Shida an rage musu santimita 10, biyar an rage musu 20, na kusurwa shi ma ya ba da 10. Idan yankan ya fita tas, waɗannan ragowar sun ba ka sikatin 17 cikin 24 da ɗakin yake buƙata bayan an cire ƙofa. Idan bakinsu ya yi kaca-kaca, bola za su tafi, a sake fasa sabon katan. 'Yan uwa mata da ke sashen lissafin kwangila, kun ga inda kaso goma na asara da kuke sakawa a takarda yake zuwa.

Wuta

Nan ne zan daɗe, don nan ne injina suke mutuwa a yankinmu. Wutar Najeriya bolt 230 ce, tana juyi 50 a daƙiƙa, abin da za ka gani a farantin inji an rubuta 230V 50Hz. Ta Amurka 120V 60Hz ce. Injina na hannu da ake kawowa daga can sukan yi kyau a ido, farashinsu ya ja hankali, mai shago ya ce ai taransifoma kawai za ka haɗa masa. Taransifoma tana gyara bolt, ba ta gyara juyi. Idan motar injin mai kabon ce, wannan bai dame ta sosai ba. Idan irin mai kafasito ce marar kabon, za ta rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, ta riƙa ɗaukar zafi. Ga nauyin taransifomar, ga kuɗinta. Ko samfuri ɗaya ne, akwai na kasuwar Turai akwai na Amurka, saboda haka ka karanta farantin da idonka.

Motoci biyun nan kowacce da halinta. Mai kabon ba ta da nauyi, tana da ƙara kamar ana yanka akuya, kabon ɗinta yana cinyewa amma canza shi aikin minti biyar ne. Marar kabon tana da nauyi, ba ta da hayaniya, tana juyi wajen 2,800 a minti, tana jure aikin yini, kuma idan kwayil ya ƙone masu rewayin sun san ta, don 'yar uwar motar famfon ruwa ce. Aibinta ɗaya: lokacin tashi tana jan wuta ninki uku zuwa shida na abin da take ci idan ta daidaita.

Mu a Masanawa da kewaye, sabon gini ba ya jiran wutar KEDCO. Yawanci ma ba a kai ga ja masa waya ba lokacin da ake sa tayil. Janareto ne. To ɗan ƙaramin nan da ake wa laƙabi da na fi maƙwabcina bai kai wat 1,000 ba, ka cire shi daga zance. Kuma lambar kVA da ke jikin janareto ba ita ce wat ba, sai ka ninka ta da 0.8, ka sake rage wani abu saboda tsufa da kuma ƙarin gishirin masu rubuta lamba. Inji mai wat 1,500 marar kabon, ni ba zan haɗa shi da abin da bai kai kVA 3.5 ba, 5 ya fi kwanciyar hankali. Ka ga ke nan wat mai yawa ba kullum ne alheri ba. Wanda ya sayi mai 2,200 alhali janaretonsa 2.5 ne, ya sayi abin kallo. Ga tayil zalla, wat 800 zuwa 1,100 da faifan milimita 200 ya isa. Giranit mai kauri ne yake neman 1,500 zuwa sama da faifan 250 ko fiye.

Sai waya. Ana ajiye janareto can nesa saboda ƙara da hayaƙi, wanda daidai ne, a jawo wuta da siririyar wayar da aka saba kunna fitila da ita. Mu yi lissafin ajin farko. Wat 1,500 a kan bolt 230 amfiya 6.5 ne. Wayar jan ƙarfe mai kauri milimita sukwaya 1, tsawon mita 50, zuwa da dawowa mita 100 ke nan, turjiyarta om 1.75. Tana cinye bolt 11 idan inji yana gudu. Lokacin tashi, in ya ja ninki huɗu, bolt 45 sun tafi a hanya. Inji ya yi ta gurnani ya kasa tashi, kwayil yana dahuwa. Da waya mai 2.5, asarar ta koma ƙasa da bolt 5 a gudu, 18 a tashi. Wannan fa in jan ƙarfe ne na gaske. Kasuwa cike take da alminiyon da aka shafa wa jan launi, ka kankare da wuƙa ka ga fari. Kuma a warware waya duka daga kan abin naɗinta, don a naɗe zafi take tarawa.

Abu na ƙarshe a kan wuta, kuma wallahi ba na wasa ba ne: hannunka a jiƙe, ƙafarka a cikin ruwa, jikin inji ƙarfe. Injin kirki yana zuwa da ɗan akwati a jikin wayarsa mai maɓallin gwaji, an rubuta RCD ko PRCD, 30mA. Aikinsa shi ne ya katse wuta cikin ƙiftawar ido idan ta fara bi ta inda bai kamata ba, wato ta jikinka. Idan injin ba shi da shi, ka saya ka haɗa, ka kuma sa mai gyaran wuta ya duba cewa yana aiki da janaretonka, don ba kowane janareto ne aka haɗa masa waya ta ƙasa yadda ya kamata ba. Na sha ganin an yanke wannan akwati an jefar wai yana yawan katsewa. Yana katsewa ne don akwai inda wuta take zuba. Filogi kuma kada a cire shi a cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana. A rataye mahaɗar waya sama da ƙasa, a bar wayar ta ɗan lanƙwaso kafin ta kai soket, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗiga ƙasa.

Ruwa da faifai

A birni tiyo ake jonawa. Mu jarka muke saye a wurin 'yan garuwa, ko a ɗebo daga rijiyar burtsatse. Don haka injin da ya dace da mu shi ne mai faranti a ƙasa da ɗan famfo mai juya ruwan yana dawowa. Ka duba girman farantin, ka duba ko yana zarewa a wanke, ka tabbata ruwan yana sauka a gefe biyu na faifai. Famfon nan shi ne abin da ya fi saurin lalacewa, abu biyu kuma suke kashe shi: laka da aiki babu ruwa. Dabarar da na koya a wurin maigidana ita ce a fitar da famfon daga faranti a sa shi cikin bokitin ruwa mai kyau a gefe, wanda ya taru a farantin a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama a mayar bokiti. Idan ruwan dam ne ko na kududdufi, a tace da tsumma. Kafin ka biya kuɗin inji ka tambayi mai shago ko yana da famfonsa daban. In ya ce sai an yi oda, ka duba ko ɗan famfon na'urar sanyaya ɗaki mai ruwa zai shiga wurin, sau da yawa yana yi.

Lakar da ta taru kuma, ita ce dai ƙurar nan, jiƙa kawai ta yi. Ka bar ta ta bushe a tsakar gida, gobe a share da tsintsiya, matar gida da 'ya'yanta su shaƙi abin da kai ka tsere wa. A kwashe ta tun tana ɗanya a binne a rami. Kada a zuba ta a bututun banɗaki, daskarewa take yi ta toshe shi. Ruwa kuma bai ɗauke maka tabarau da abin toshe kunne ba. Ranar da dole ta sa ka ɗauki giranda, ka fita waje, iska tana kaɗawa daga bayanka, da takunkumi mai lamba N95 ko FFP2. Na asibiti mai shuɗi da na yadi ba a yi su don wannan ba.

Faifai kuwa, inji mai tsada da faifan banza yankan banza zai yi, matsakaicin inji da faifan kirki sai ya ba ka mamaki. Faifan da yake zuwa a cikin kwali yawanci na gwaji ne, ka sa kuɗin wani a lissafinka tun farko. Mai baki sumul babu tsaga shi ne na siramik da fosilin, yana tafiya a hankali amma bakin yana fita kamar na masana'anta. Mai tsaga-tsaga na kankare ne da bulo da dutse mai kauri, ka sa shi a fosilin ya yi maka ɓarna. Mai ƙananan zane a baki, wanda ake kira tabo, yana tsakiya. Akwai wata ƙa'ida da take zuwa wa mutane a juye: dutse mai tauri yana son faifan da ƙarfensa yake da laushi, don ƙarfen ya riƙa cinyewa yana fito da sababbin ƙwayoyi. Shi ya sa ake rubuta abin da kowane faifai yake yankawa a jikinsa, kuma fosilin, wanda ake gasawa a zafin digiri 1,200 ko fiye har ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba, nasa daban ne. Ka duba ramin tsakiya, akwai milimita 20, da 22.23, da 25.4, kada ka sayi injin da faifansa sai an wahala. Ka duba iyakar juyin da aka rubuta a faifan, kada ya gaza na injin. Idan faifai ya fara tartsatsi yana ƙin ci alhali bakinsa da saura, bai mutu ba, dakushewa ya yi. Ka yanka tsohon bulo sau huɗu ko biyar, zai farfaɗo. Kuma kada ka danna. Kunnenka ne ma'auni, da ka ji muryar inji ta sauka, ka sassauta hannu.

Ga wanda kuɗinsa bai kai ba, ba dole ne kowa ya mallaki nasa ba. Mutum uku ko huɗu 'yan gari ɗaya za su iya haɗa kuɗi, ko su yi adashi, su sayi ɗaya mai kyau da janaretonsa, su riƙa ba wasu haya. Amma a rubuta tun farko wa yake sayen faifai, wa yake biyan gyara, don a nan zumunci yake ɓaci. Na hannu kuma ba laifi ba ne, tsohon inji na asali ya fi sabon jabu, jabu kuwa suna nan da sunayen manyan kamfanoni a jikinsu, harafi ɗaya kawai aka canza.

Ranar da za ka shiga kasuwa, ka tafi da fosilin 60 da 60 guda ɗaya, da tef, da sukwaya, da wanda ya girme ka a sana'ar in da hali. Inji a kashe, ka kama faifai ka girgiza shi gefe da gefe. In yana motsi, boris ya tafi ko sandar ta lanƙwashe. Ka tura teburin ko kan injin daga farkon dogo zuwa ƙarshe da yatsa biyu, ka ji ko akwai inda yake cijewa ko yake rawa. Ka ɗora sukwaya a teburi ka jingina da faifai. Ka leƙa ƙarƙashin faranti ka nemi tsatsa, ka shinshina motar ko akwai ƙaurin ƙuna. Sannan ka ce a zuba ruwa a tayar. Mai shagon da ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci. In an tayar, ka yanke santimita 10 daga tayil ɗinka, ka auna faɗin abin da ka yanke a kai da kuma a ƙarshe. Bambancin kada ya wuce milimita ɗaya. Ka shafa bakin da yatsa, ka duba kusurwar ƙarshe inda faifai ya fita, don nan ne yake ɓallewa. Daga nan ka jingina yankakken bakin da bakin masana'anta na ragowar tayil ɗin, ka ɗaga su sama ka kalli rana ta tsakaninsu. In haske yana ratsowa a tsakiya, dogon ya lanƙwashe, ka ce a fito maka da wani.